Daga Bolekaja Zuwa Jan Layi: Yadda Ikko Ta Yi Ta Neman Mai Riƙe Linzamin Motocinta

Duk wanda ya je tashar jirgin Agege da sassafe a kwanakin nan zai ga abin da iyayenmu ba su gani ba. Mutum zai zaro kati ɗaya daga aljihu, ya dangwala a ƙofa, ya hau jirgi ya sauka Oyingbo. Da wannan katin zai shiga doguwar bas a Oshodi, da shi kuma zai hau jirgin ruwan gwamnatin jiha in tafiyarsa ta bi ta ruwa. Masu tuƙa bas daban, masu jirgin ruwa daban, amma katin ɗaya ne. To amma da ka fito ƙofar tashar, sai ka koma tsohuwar duniyar da muka saba: kwandasta na rataye a ƙofar danfo yana kwarara ihu, ɗan kamasho na dukan jikin mota yana neman nasa, kuɗin mota kuwa ya danganta da ko hadari ya haɗo.

Waɗannan duniyoyi biyu suna zaune kafaɗa da kafaɗa a unguwarmu, kuma kowace da tarihinta. Ya kamata mu san shi, domin abincin dubban 'yan'uwanmu a kan titi yake.

Mu da layin dogo

Tun farko ma sufuri ne ya raya Zangon Agege. Turawa sun buɗe layin dogo daga Ikko zuwa Ibadan a 1901, ya ratsa ta Agege, ya isa Kano a 1911. Gonakin goro da ke kewayen Agege suka jawo fatake daga Arewa, jirgi ya riƙa kwasar huhunan goro yana haurawa da su, yana gangarowa da shanu. Saboda haka in ana zancen jirgi a Agege, ba baƙon zance ake yi mana ba.

A cikin tsibirin Ikko kuwa, gwamnatin mulkin mallaka ta kafa wani ɗan ƙaramin jirgi mai bin titi a 1902, wanda ke tasowa daga Iddo ya haye gadar Carter. Bai yi nisan kwana ba. A ƙarshen 1913 ya daina ɗaukar mutane, ragowar layin ya ci gaba da kwashe ƙazantar gari har 1933. Daga nan mota ta karɓi fage. Cikin waɗanda suka fara sana'ar bas akwai wata attajira, Charlotte Obasa, mai kamfanin da ake kira Anfani, sunan da kunnen Bahaushe ba zai yi baƙunta da shi ba. A 1929 kamfanin Zarpas na wasu Girkawa ya shigo, ya zama shi ne babba a cikin gari, har zuwa 1958 da Majalisar Garin Ikko ta saye shi ta mai da shi na hukuma.

Wannan shi ne yunƙuri na farko: hukuma ta mallaki motocin da kanta. Sai dai akwai wani abu da matasanmu da yawa ba su sani ba. A wancan lokaci Agege ba ta cikin Ikko a hukumance. Daga 1954 zuwa 1967 tsibirin da 'yan unguwannin da ke kusa da shi ne ƙasar tarayya, su kuwa Mushin da Ikeja da Agege suna ƙarƙashin Jihar Yamma, ana mulkinsu daga Ibadan. Ikon majalisar gari ya tsaya a kan iyakarta, alhali jama'a na ta ƙaruwa a bayan iyakar, suna kwana a nan suna aiki a can. Gari ɗaya ne a ƙafar matafiyi, amma biyu ne a takarda. Sai a 1967 da aka ƙirƙiro Jihar Legas aka haɗe su.

Zamanin kowa tasa ta fisshe shi

Giɓin da hukuma ta bari, 'yan kasuwa suka cike. Da farko bolekaja, babbar mota mai jikin katako da ƙofa ɗaya a baya. Ma'anar sunan da Yarbanci, sauko mu yi faɗa, kuma wanda ya taɓa shiga ya san dalili. Bayan ta sai molue, sannan danfo, wadda ta fara da ƙananan motocin Volkswagen. Kamfanin bas na gwamnati ya sauya suna ya koma na jiha, amma rashin kayan gyara da rashin kulawa suka yi ta cin sa. Bayan 1986, da darajar naira ta faɗi, sayen sabuwar bas ya gagara. Gwamnatin Babangida ta fito da shirin motocin jama'a a 1988, aka raba motoci, suka yi 'yan shekaru suka mutu. Zuwa shekarun 1990 kamfanin gwamnati ya zama sai suna.

A nan ya kamata mu tsaya mu fahimci abu ɗaya, domin shi ne tushen maganar duka. Mutane kan ce direban danfo ba shi da hankali. Wallahi yawancinsu da hankalinsu, tsarin ne ya koya musu abin da suke yi. Direba ya karɓi mota da asuba, akwai adadin kuɗin da zai kai wa mai mota da dare, ko an samu ko ba a samu ba. Zai sayi mai, zai sallami kwandasta, zai biya 'yan kamasho a kowace tasha, ga kuma na kan hanya. Abin da ya rage shi ne nasa. To mutumin da ke cikin wannan hali, don me ba zai yi tsere da ɗan'uwansa a kan fasinja ɗaya ba? Don me zai tashi kafin mota ta cika? In an yi ruwa ya ga jama'a sun taru, sai ya ninka kuɗi. In ya ga goslo a gaba, sai ya sauke mutane a tsakiyar hanya ya juya. Hanyar da babu riba kuwa, ko tsohuwa ce ke zaune a can, ba mai zuwa. Kowane direba yana yin abin da ya fi masa, amma in aka haɗa dubbansu a titi ɗaya sai gari ya tsaya cik, har shi direban ya yi asara.

Wanda ya tsara tashoshi a wannan zamani shi ne ƙungiyar direbobi ta ƙasa, NURTW, wadda aka kafa a 1978. A gaskiya ta kawo wani irin tsari: layin lodi, wace mota ke bin wace hanya, wa zai sasanta in an yi rigima. Amma tsari ne na masu mota da masu karɓar kuɗin tasha. Fasinja ba shi da kujera a wurin.

Gwamnatoci sun yi ta gwada dabaru. A 1977 aka kafa dokar lamba: motocin da lambarsu ta fara da mara su shiga wasu manyan tituna a wasu ranaku, masu cika a wasu. Masu hali suka sayi mota ta biyu, dokar ta zama abin dariya. Gwamna Lateef Jakande, wanda ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983, ya kawo jiragen ruwa na fasinja, ya kuma aza harsashin jirgin cikin gari a 1983, wanda aka tsara zai taso daga Marina ya bi Yaba ya nufo Agege. Sojoji suka yi juyin mulki a ƙarshen wannan shekara, a 1985 gwamnatin Janar Buhari ta soke aikin. Sai da Agege ta jira kusan shekara 40 kafin ta ga irin wannan jirgi. An buɗe gada ta uku a 1990, an mai da babban birni Abuja a 1991, amma cunkoso bai bi su can ba. A shekarun nan ne okada ta bazu, sannan keke mai ƙafa uku, wanda har yau ake kira da sunan Buba Marwa, gwamnan soja daga 1996 zuwa 1999.

Matsalar ba ta tsaya ga direbobi ba. Ita kanta hukuma a rarrabe take. Wannan titi na tarayya ne, wancan na jiha, lungun da ya haɗa su na ƙaramar hukuma. Jirgin ƙasa na tarayya. Masu ba da lasisi daban, masu duba lafiyar mota daban, 'yan sanda daban, sannan a 2000 aka ƙara da LASTMA mai kula da zirga-zirga. Kowa na da sanda, amma ba wanda za ka riƙe ka ce masa: kai ne da alhakin na isa wurin aiki a kan lokaci. An ce kifin rijiya ba ya sanin faɗin kogi. Kowace hukuma iyakar rijiyarta take gani.

Ba Ikko ce ta fara shiga wannan hali ba. Birnin Landan ya yi fama da kamfanonin bas masu tsere da juna a shekarun 1920, har a 1933 aka tattara jiragen ƙarƙashin ƙasa da na kan titi da motocin bas ƙarƙashin hukuma ɗaya. Birnin Kuritiba na Brazil ya ware wa bas hanyarta a 1974, Bogota ta Kolombiya ta bi sahu a 2000. Darasin da aka ɗauko daga irin waɗannan wurare shi ne, ba dole hukuma ta tuƙa mota da kanta ba. Abin da ya zama dole shi ne a samu hannu ɗaya da zai tsara hanyoyi, ya yanka kuɗin mota, ya sa sharuɗɗa, ya kuma iya ƙwace hanya daga wanda ya saɓa.

Zuwan LAMATA

A watan Janairun 2002 Gwamna Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kafa hukumar sufurin birnin Legas da kewaye, LAMATA, ta fara aiki a 2003 ƙarƙashin Dakta Dayo Mobereola. Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 100 don shirin. Ba da bas ta fara ba. Ta fara da gyaran manyan titunan da motocin haya suka fi bi, fiye da kilomita 600, domin ba a tsara tafiya a kan rami. A 2007 aka gyara dokar aka ƙara mata ikon sa ido a kan masu jigila.

Babban gwajin ya zo ne da BRT, wato doguwar bas mai hanyarta ita kaɗai. Kowa ya san in aka yi ba da ƙungiyar direbobi ba, motocin ba za su kwana lafiya ba. Sai hukumar ta zauna da su, ta kai shugabanninsu ƙasashen Kudancin Amurka suka gani da idonsu, suka dawo suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa, banki ya ba su rancen sayen motoci. Aka raba aiki: gwamnati ta gina hanya da tashoshi da garejin ajiye motoci, ƙungiya ta kawo bas da direbobi, hukuma ta yanka kuɗi ta sa doka. Ranar 17 ga Maris 2008, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, aka buɗe layin daga Mile 12 zuwa CMS, kilomita 22. Shuɗayen motoci na ƙungiyar direbobi, jajaye na kamfanin LAGBUS na jiha. Shi ne irinsa na farko a Afirka kudu da Sahara.

Waɗanda suka shiga a makonnin farko suna tuna abin mamaki: 'yan Ikko sun yi layi, an sayi tikiti kafin a hau, kuma kuɗin safe shi ne na yamma, ko ana ruwa ko ana rana. 'Yan kasuwarmu na Mile 12 suna cikin waɗanda suka fara cin moriyar abin. Amma bayan 'yan shekaru motocin suka fara tsufa, gyara ya yi ƙaranci, jira ya yi tsawo. A 2015 aka miƙa layin har Ikorodu, aka ba kamfanin Primero aikin jigila. Wannan sauyi ya nuna amfanin tsarin: a da in kamfanin gwamnati ya mutu, hanyar ma ta mutu, yanzu mai jigila na iya sauyawa, hanya da tashoshi da doka suna nan.

Daga nan abubuwa suka biyo juna. A 2013 an riga an hana molue haye gadojin shiga tsibiri. A 2018 aka yi sabuwar dokar gyaran harkar sufuri. A watan Agustan 2020 aka buɗe layin BRT daga Oshodi zuwa Abule Egba, wanda ya bi ta Mangoro da Dopemu da Iyana Ipaja, nan bayan gidanmu, kuma a wannan shekara katin Cowry ya fito. A 2021 aka kawo ƙananan bas masu shiga unguwanni su kai mutane manyan tashoshi. Shuɗin Layi na jirgi, daga Marina zuwa Mile 2, ya fara ɗaukar fasinja ranar 4 ga Satumba 2023. Jan Layi kuwa, namu, an ƙaddamar da shi ranar 29 ga Fabrairu 2024, ya fara jigila a watan Oktoba: kilomita 27 daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba.

Akwai wani misali da ya nuna bambancin a fili. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo ko'ina. A ƙarshen watan Yuli Gwamna Sanwo-Olu ya ba da sanarwar rage rabin kuɗi a motocin da ke ƙarƙashin hukuma, kuma ragin ya bayyana a kan kati nan take. An kuma sanar da ragi a motocin danfo, amma ku tambayi duk wanda ke shiga su abin da ya gani. Inda akwai linzami, ja ɗaya ya isa.

Inda linzamin bai kai ba

Kada mu ruɗi kanmu, har yau mafi yawan mutanen Ikko a danfo da keke suke tafiya, kuma tashoshinsu ba a hannun LAMATA suke ba. A 2022 da rikici ya ɓarke a ƙungiyar direbobi, gwamnatin jiha ta dakatar da ayyukanta a tashoshi ta naɗa kwamiti, amma fasinja bai ga wani sauyi a bakin mota ba.

Tsohuwar matsalar iyaka ma tana nan, ta sauya wuri ne kawai. Jan Layi a kan hanyar jirgin tarayya yake gudu, wadda aka buɗe zuwa Ibadan a 2021, don haka sai an daidaita lokaci da hukumar jiragen ƙasa ta tarayya. Sai a watan Maris na 2023 aka gyara tsarin mulki aka ba jihohi ikon yin doka a kan jirgin ƙasa. A kan ruwa kuwa, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Janairun 2024 cewa ikon hanyoyin ruwa na cikin ƙasa na tarayya ne. Ita kanta Agbado a Jihar Ogun take. Mutanen Sango Ota da Mowe da Ibafo a yau suna cikin halin da Agege ta kasance kafin 1967: suna kwana a wata jiha suna aiki a wata. Gwamnonin jihohin biyu sun sa hannu a yarjejeniyar haɗin gwiwa a 2021, sai dai mai tafiya bai fara jin ta a aljihunsa sosai ba.

Namu rabon

Yanzu bari mu zo kan abin da ya fi taɓa mu. Duk lokacin da aka tsara sufuri, akwai wanda ake shigarwa, akwai wanda ake fitarwa. An shigar da ƙungiyar direbobi a 2008 saboda tana da shugabanci da rajista da ƙarfin da ba a iya tsallakewa. 'Yan okada kuwa, waɗanda da yawansu yaranmu ne daga Arewa, fitar da su aka yi. Dokar 2012 ta hana su bin tituna 475. A Fabrairun 2020 aka hana su aiki a wasu ƙananan hukumomi, a ranar 1 ga Yuni 2022 aka sake tsaurarawa, aka riƙa kama babura ana murƙushewa. Gwamnati ta kafa hujja da haɗurra da tsaro, kuma duk mai gaskiya ya san akwai ganganci a tuƙin wasu yaranmu. Amma mun ga matasan da suka ci bashi suka sayi babur, suka wayi gari ba babur ba jari. Wasu suka hau tirela suka koma gida, wasu suka koma dako da turin baro.

Haka masu tebur da rumfuna a gefen layin dogo da kewayen Pen Cinema, inda aka buɗe gadar sama a 2021. Gadar ta rage cunkoso, ta kuma raba mota da jirgi, wannan alheri ne. Amma wanda ba shi da takardar wuri, ba shi da bakin neman diyya.

Abin da tarihin nan ke nuna mana shi ne, hukumar sufuri da ƙungiya take magana. Ba ta san mutum ɗaya mai babur ɗaya ba. Tana ba da hanya ne ga kamfani ko ƙungiyar haɗin gwiwa mai rajista, mai asusu a banki, mai direbobi masu lasisi. Muna da attajirai a Agege da Mile 12 da Idi-Araba da Alaba Rago waɗanda tirelolinsu ke zirga-zirga tsakanin Ikko da Arewa kullum. Wanda ya iya riƙe tirela goma, ƙananan bas ashirin ba za su gagare shi ba. Me zai hana a haɗa hannu a yi rajistar ƙungiya, a nemi hanyoyin cikin unguwa masu kai mutane tashar jirgi, a ɗauki yaranmu da suka rasa babura a koya musu tuƙi a nema musu lasisi? Kuma in hukuma ta kira taron jin ra'ayin jama'a kafin wani sabon aiki, ya kamata fadar Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwanni su tura waɗanda suka iya karanta taswira da takarda, su je tun ana zane, kada a jira sai katafila ta iso bakin rumfa.

Kakanninmu sun ga layin dogo ya ratsa daji a 1901, suka gane abin da zai kawo, suka kafa zango a gefensa. Jirgi ya sake tsayawa a Agege, da sabon tsari da sabbin sharuɗɗa, kuma ana ta shirin wasu layukan. Rabon hanyoyi bai ƙare ba tukuna. Dattawa da masu hali, a duba wannan magana tun da sauran lokaci.

Allah ya tsare mana hanya, ya sa albarka a neman kowa.